Haladu Katanga da Wanda Ya Gaji Rigarsa

Shekara goma sha biyu ke nan da rasuwar maigidana, Malam Haladu, wanda tsofaffin masu kallon ƙwallo a Jos suka fi sani da Katanga. Ban taɓa rubuta komai a kansa ba. Ni malamar firamare ce da ta yi ritaya, abin da na saba shi ne gyara rubutun yara da jan biro, ba rubuta wa jarida ba. Sai dai bana zagayowar ranar rasuwarsa ta zo daidai lokacin da 'yan wasan ƙasarmu suka dawo daga babbar gasa hannu rabbana, kuma duk tashar rediyon da na murɗa zance ɗaya ake yi: a yi wa ƙungiyar garambawul, a sallami tsofaffi, a kawo sabon jini.

Ɗanmu Nura yakan biyo ya gaishe ni kafin ya buɗe shagonsa. Ranar nan ya zauna yana ambato mini waɗanda a ganinsa ya kamata a kora, ɗaya bayan ɗaya, har da kyaftin. Na bari ya gama, sannan na ce masa, "Ka san mahaifinka ma haka aka taɓa zama aka ambace shi?" Ya sosa ƙeya. Ya sani, amma sani irin na wanda aka ba labari, domin yana goye a bayana lokacin da abin ya faru. Wannan ne ya sa na ɗauki biro.

A Anguwan Rogo aka haifi Malam. Kakansa haƙar kuza ce ta kawo shi Jos, mahaifinsa kuma tela ne, kuma shi ma ya koyi ɗinkin tun yana ƙarami, duk da cewa rabin hankalinsa yana fili. Dogo ne, mai faɗin kafaɗa, ba shi da yawan magana. Baya yake tsarewa, lamba biyar, kuma ba gudu ne ƙarfinsa ba. Shi dai ya san inda mutum zai bi tun kafin mutumin ya yanke shawara, sai ka tarar da shi tsaye a wurin yana jira. Daga nan sunan Katanga ya samo asali. Lokacin da aka kawo ni gidansa yana buga wa wani kulob na nan Jos, ba a jima ba kuma aka kira shi ƙungiyar ƙasa.

Ba zan iya kwatanta wa yaran yanzu abin da wannan kira ya zama ga unguwarmu ba. Ranar da ƙasa ke da wasa, talabijin ɗin maƙwabcinmu ake fitowa da ita ƙofar gida a ɗora a kan benci, maza su cika layi har bakin kwata. Mu mata muna cikin gida da rediyo. Ni ban san dokar ƙwallo ba a lokacin, sunansa kawai nake kasa kunne in ji. In mai sharhi ya ambace shi sai surukata ta dube ni ta ce, "Lafiya dai ko?" In ce mata lafiya lau, ya tare ne. Sai ta ci gaba da jan carbinta.

Ya yi 'yan shekaru yana sa rigar ƙasa kafin gasar da ta zama ta ƙarshe gare shi. Sun tafi da kyakkyawan fata, sun kuma yi nisa, har mutane sun fara maganar yadda za a tarbe su. Sai aka fitar da su da ci ɗaya, kuma ta gefensa cin ya shigo. Wani matashi mai gudun tsiya ya ja ƙwallo ya wuce shi, kowa yana gani. Abin da mutane ba su sani ba shi ne gwiwarsa ta dama ta daɗe tana ba shi wahala. Ni na sani, domin ni nake dafa ruwa in gasa masa ita da tawul duk lokacin da ya dawo gida. Da ya iso Jos bayan gasar, ya rame, na ɗora ruwan kamar yadda na saba. Ina cikin gashin ya ce, "Malama, na ga inda yaron nan zai bi. Na gani sarai. Ƙafar ce ta ƙi zuwa." Malama yake ce mini tun kafin aure, saboda aikina.

Bayan 'yan makonni aka naɗa sabon koci, ya ce zai gina sabuwar ƙungiya. Wata Asabar da yamma ina feraye dankali a tsakar gida, Malam yana kishingiɗe a tabarma, aka karanto sunayen waɗanda aka gayyata sansani. Aka zo kan masu tsaron baya, aka wuce, babu sunansa. A gurbinsa aka kira Chuma.

Chuma ba baƙo ba ne a gidanmu. Ɗan wani Inyamuri ne mai sayar da kayan gyaran mota a Dilimi, gidansu yana Tudun Wada. A Jos aka haife shi, Hausa a bakinsa kamar ta kowane yaron unguwa. Kulob ɗinsu ɗaya da Malam, gefe da gefe suke tsare baya, kuma Malam ya girme shi da kusan shekara goma. Yaya yake ce masa, ni kuma Anti. Sau da yawa in sun taso daga atisaye tare suke shigowa, ya zauna ya ci tuwo da miyar kuka har ya nemi ƙari.

Malam ya miƙa hannu ya kashe rediyon, ya tashi ya yi alwala ya tafi masallaci. Ba zan yi wa masu karatu ƙarya in ce ya karɓi abin da murmushi ba. Ya ji ciwo ƙwarai. Abincinsa ya ragu, ya daina zuwa atisayen kulob, sai ya je shagon mahaifinsa ya zauna a gaban keken ɗinki ba tare da ya taka shi ba. Wata rana ya dawo daga sallar la'asar ya tsaya a tsakar gida yana dube-dube kamar wanda ya shigo gidan da bai sani ba, ya ce, "Malama, wai me mutane suke yi bayan la'asar?" Na ɗauka wasa yake. Da na kalli fuskarsa na gane da gaske yake tambaya. Tun yana yaro bai taɓa sanin wannan lokaci a wani wuri ba sai a fili.

Chuma kuwa ya ɗauke ƙafa daga gidanmu. A waje kuma magana ta fara canja kama. Akwai Alhaji Tanko, mai motocin haya, shi ne jagoran magoya bayan kulob a unguwarmu, mutum mai son Malam kamar ransa amma mai zafin kai. Ya zo da mutanensa suka cika zaurenmu. Na kai musu shayi na koma bayan ƙofa, don haka da kunnena na ji. Alhaji ya ce wannan ba maganar ƙwallo ba ce, ƙabilanci ne, an cire namu an sa nasu. Ya ce kulob yana da wasa a gida ƙarshen mako mai zuwa, kuma sun yi shawara yaron nan ba zai taka filin ba, in ya taka kuwa zai gane kurensa. Wani daga baya ya ce ai shagon uban yaron ma ba ɓoyayye ba ne.

Wanda ya san Jos ya san irin wannan magana ba a wasa da ita. A lokacin ba mu ga abin da muka gani daga baya ba, amma ko a lokacin mai hankali ya san inda take iya kaiwa.

Malam ya bari suka gama. Sannan ya ce, "Alhaji, kun kalli wasan?"

Alhaji ya ce, "Wa bai kalla ba?"

"To wa aka wuce? Ba Bahaushe aka wuce ba, ba Musulmi aka wuce ba. Ni Haladu aka wuce, ni da gwiwata. Da ni ne kocin, ni ma da ban kira kaina ba. Kuma in za a ba wani rigar nan, gara a ba wanda na san yadda yake tsayuwa."

Alhaji ya ce, "Kai dai kana da haƙuri, Katanga. Mu ba mu da shi." Suka tashi suka fita, shayin ma ba su shanye ba.

Washegari da hantsi Malam ya ce in ɗauko mayafina za mu je Dilimi. Na tambaye shi me zan je yi a cikin 'yan kayan mota. Ya ce in ya je shi kaɗai za a ce faɗa ya kai, in kuwa aka gan shi da iyalinsa kowa ya san zumunci ne. Na goya Nura muka fita. Da gangan ya sa mai tasi ya sauke mu tun daga bakin titi, muka taka cikin layin makanikai a ƙasa, ana ta gaishe shi yana amsawa, duk wanda ya tambayi ina zuwa sai ya ce, "Barka za mu je yi wa ƙanena."

Mahaifin Chuma yana ganinmu ya miƙe tsaye a bayan kanta. Shi ma labari ya kai masa. Dattijo ne da ya zo Jos tun yana saurayi, Hausarsa irin ta kasuwa. Ya ce, "Oga Katanga, sannu da zuwa. Madam ma ya zo? Lafiya dai?" Malam ya kama hannunsa da hannu biyu ya ce lafiya lau, Baba, murna muka zo taya ku. Tsohon ya hau share mini kujera da gefen rigarsa, ya aika a sayo lemo.

Chuma ya fito daga cikin shago, hannunsa duk baƙin mai, ya kasa ɗaga ido. Ya ce, "Yaya, wallahi ban nema ba."

Malam ya ce, "Da ba ka nema ba ai da na yi fushi da kai. To me muke yi a fili duk shekarun nan? Gobe bayan asuba ka same ni a filin makarantar su Malama. Kana da aibi ɗaya, ƙwallo kake kallo, ba ka kallon mutum. A nan gida ana yafe maka, can kuwa da shi za a kore ka."

A hanyarmu ta komawa na tambaye shi ko har cikin zuciyarsa ya haƙura. Ya ce, "Zuciyar ba ta gama wankuwa ba, Malama. Amma in na tsaya jiran ta wanku, kafin nan an fasa wa yaron nan kai."

Tun daga washegari har ranar da Chuma ya tafi sansani, kullum da sassafe suna filin makarantarmu, cikin sanyin nan na Jos da ke sa yatsu su ƙage. Nakan iso aiki in tarar da su, Malam yana ɗingishi yana nuna masa yadda ake karanta ƙugun ɗan gaba, mutanen unguwa sun jeru a jikin katangar makaranta suna kallo. Ranar wasan kulob kuwa ban je ba, mata irina ba sa zuwa. Alhaji Tanko da kansa ya ba ni labari bayan shekaru masu yawa. Ya ce suna zaune sun shirya, sai ga Katanga ya shigo ta babbar ƙofa da jakar Chuma a kafaɗarsa, hannunsa ɗaya a wuyan yaron, ya raka shi har tsakiyar fili sannan ya je ya zauna a benci. Alhaji ya ce, "Malama, da duwatsu muka je a aljihu. Haka muka koma da su gida, kowa yana jin kunyar ya fitar da nasa a gaban ɗan'uwansa."

Kwanakin nan nakan zauna in tambayi kaina me Malam zai ce da yana raye ya ji muhawarar da ake yi. Na san ba zai goyi bayan a riƙe tsofaffi don tausayi ba. Ya sha faɗa cewa ƙungiyar da ta kasa sallamar kowa tare da 'yan wasanta take tsufa. Amma ina jin ba zai yarda da masu cewa a share kowa a rana ɗaya ba. A ganinsa sabon mai tsaron baya yana bukatar tsoho a gefensa, ko da na shekara guda ne, wanda zai riƙa ce masa matso, koma, bar shi ya zo. Wannan ba a koyonsa a wurin koci, in ji shi, sai a cikin wasa, daga bakin wanda aka taɓa wucewa.

Maganar yaran da aka haifa a Turai kuwa, waɗanda ake ta gardama a kansu ko 'yan ƙasa ne na gaske tun da ba sa jin yaren kowa, ina jin dariya zai yi. Mutumin da ya tsaya wa Chuma ba zai tambayi inda aka yanke wa yaro cibiya ba. Zai tambaya ko ya iya tsayuwa, ko kuma in an ci su yana jin zafi. Sai dai na san zai ƙara da tambayar ko akwai mai zagayawa filayen unguwanni yana duba yaran da ke buga ƙwallo a kan tsakuwa, domin daga irin wuraren nan aka tsinto shi, aka tsinto Chuma.

Abin da zai ɓata masa rai shi ne wayar hannu. Nura yakan nuna mini irin zagin da ake yi wa ɗan wasan da ya yi kuskure, a zagi uwarsa, a zagi matarsa, a sa hoton 'ya'yansa. A zamaninmu mai zagi sai ya tako ya zo inda kake, kuma in ya zo yakan tarar da kai mutum ne, da tsohuwarka a cikin gida tana jan carbi. Abu ɗaya kuma da Malam ya riƙe har ya bar duniya, ba tare da ya zargi kowa da suna ba, shi ne cewa wanda ya yi wa ƙasa shekaru yana wasa ya cancanci a kira shi a gaya masa baki da baki kafin ya ji a rediyo tare da kowa. Ban sani ba ko yanzu ana yin hakan. Ina fata ana yi.

Rayuwarmu bayan rigar ƙasa ba ta yi muni ba, kada wani ya ɗauka labarin baƙin ciki nake bayarwa. Malam ya ƙara buga wa kulob kaka ɗaya ya ajiye takalmi. Ya karɓi shagon mahaifinsa, ya zama tela na sosai, har ya yi suna a ɗinkin kaftani. Bayan la'asar kuma ya sami abin yi, domin samarin unguwa sun riƙa taruwa a filin makaranta yana horar da su. Na samu mijina a gida, abin da ban samu ba a farkon aurenmu. Yaranmu sun tashi suna ganinsa kullum. Ranar da Chuma ya fara buga wa ƙasa, a ƙofar gida Malam ya kalla tare da kowa, kuma waɗanda suka zauna kusa da shi sun ce ƙafarsa ba ta daina motsi ba har aka tashi, yana ta magana ƙasa-ƙasa, bar ƙwallon, bi mutumin, kamar yaron yana jinsa.

Chuma ya fi Malam nisa. Ya daɗe a ƙungiyar, ya je ƙasar waje ya buga, ya yi suna irin wanda Malam bai yi ba. Sannan aka je wata gasar, aka dawo ba daɗi, aka sake kawo wani kocin da ya ce zai gina sabuwar ƙungiya, aka karanto sunaye babu Chuma. Shi faɗuwar ta fi yi masa tsanani, wataƙila don daga sama sosai ya faɗo. Ya dawo Tudun Wada ya shige ɗaki. Matarsa Ngozi ce ta zo wurina tana hawaye, ta ce ya kama shan giya, ba ya fita, ba ya kula yara, in an taɓa ƙofa sai ya ce a ce ba ya nan.

A lokacin Jos ta riga ta sha rikici, gari ya rabu, mutum yakan yi tunani sau biyu kafin ya shiga unguwar da ba tasa ba. Ngozi ma sai da ta yafa gyale ta sa wata maƙwabciyarta Musulma ta rako ta. Da na gaya wa Malam sai ya rufe shago da azahar ya tafi. Na zauna da fargaba har ya dawo. Bai ba ni labarin abin da suka yi ba, Chuma ne ya gaya mini daga baya. Ya ce Yaya ya shigo ɗakin ba sallama, ya yaye labule, ya buɗe taga, ya tattara kwalaben ya fitar waje, sannan ya zauna a bakin gado ya ce, "Tashi. Ba mutuwa ka yi ba, canji aka yi. Ranar da aka sa ka wani aka cire, kuma ga shi zaune a gabanka da ransa." Chuma ya ce masa shi bai iya komai ba sai ƙwallo, ko ɗinki ba shi da shi. Malam ya ciro usur daga aljihu ya ajiye masa a kan cinya, ya ce yara sun yi masa yawa, gwiwarsa kuma ba ta barinsa ya nuna musu gudu, gobe bayan la'asar yana jiransa.

Chuma bai zo washegari ba. Malam ya koma. Sai da ya yi ta komawa kafin Chuma ya fito, kuma ko bayan ya fito ya sha zamewa ya koma wa kwalba, Malam ya sake zuwa ya ɗauko shi. Ba abu ne na rana ɗaya ba. Amma a ƙarshe ya tsaya da ƙafarsa. Suka nemi wani fili da ke tsakanin unguwanni, inda kowane ɓangare zai iya zuwa ba tare da ya ratsa ta cikin ɗayan ba, suka mayar da atisayen can. Iyaye da yawa sun ƙi da farko, nan da can. Waɗanda suka yarda sun yarda ne don sun ga su biyun tsaye a bakin fili, ɗaya da hula ɗaya da sarƙar gicciye a wuya, suna gardama a kan wanda za a sa a baya. Ko a lokutan da gari ya ɗauki zafi aka daina fita, da ƙura ta lafa su ne farkon komawa.

Ciwon ƙoda ne ya yi ajalin Malam, bai daɗe yana jinya ba. Da aka zo sallar jana'iza Chuma ya koma gefe ya tsaya, ya sunkuyar da kai, sannan ya bi mutane har maƙabarta. Da aka dawo ya nemi wuri can nesa zai zauna, sai ƙanen Malam ya kamo hannunsa ya zaunar da shi a tabarmar 'yan'uwa. A nan ya yi kwanakin zaman makoki, ana zuwa ana yi masa ta'aziyya kamar kowane ɗan gida. Alhaji Tanko, ya tsufa yana dogara sanda, ya bi layi ya miƙa masa hannu ya ce, "Chuma, ya haƙuri? Allah Ya jiƙan yayanka."

In aka tambaye ni me ya rage na Malam bayan shekarun nan, ba zan nuna abu mai yawa ba. Babu titi da sunansa, masu sharhin rediyo ba sa ambatonsa, hotunansa na wasa sun koɗe har fuskokin ba sa ganuwa sosai. Wannan bai dame ni ba, shi ma na san ba zai dame shi ba. Abin da nake gani shi ne magidanta masu furfura a gemu da ke tare ni a kasuwar Terminus ko a asibiti, wani sunansa Sabi'u wani sunansa Dung wani Emeka, su rusuna su ce Mama, mu yaran Katanga ne. Mafi yawansu ba su zama 'yan ƙwallo ba. Direbobi ne, da malamai, da masu shago. Amma sun san juna, suna zuwa bikin juna da jana'izar juna, a garin da hakan ya zama abin a yaba. Filin nan kuma har yau ana atisaye a cikinsa.

Chuma ya zo gaishe ni ranar Talatar da ta wuce, kamar yadda yake yi duk shekara. Kansa ya yi fari fat, gwiwoyinsa duka biyu sun gaji, ba ya iya zama a tabarma sai na sa an fito masa da kujera. Ya ci tuwo, bai nemi ƙari ba, ya ce likita ya hana. Muka yi hirar jikoki, muka gangaro kan ƙungiyar ƙasa. Ya ce shi bai damu da wanda za a kira ba, yara masu kyau suna nan da yawa, za a samu. Tunaninsa yana kan waɗanda za a ajiye. Ya ce, "Anti, kowannensu akwai ranar da zai dawo gida ya rufe ƙofa. Ina dai roƙon Allah Ya sa kowa yana da wanda zai zo ya yaye masa labule."

Na raka shi bakin layi ya tari keke napep. Direban matashi ne, ya ƙure rediyo ana ta muhawarar garambawul, kuma tun kafin Chuma ya gama shiga ya fara yi masa bayani cewa tsofaffin 'yan wasa ba su san komai ba, ƙwallon da ma ba ƙwallo ba ce, duk a kwashe su a huta. Bai san wa ya ɗauko ba. Chuma ya ja ƙafarsa mai ciwo ciki da hannu biyu, ya dube ni yana murmushi, ya ce wa yaron, "Gaskiyarka, ɗana. Mu je, a hankali dai, gwiwar tsohon ba ta son gargada."

Na tsaya har keken ya sha kwana, sannan na koma gida da sauƙin zuciya. Allah Ya jiƙan Malam Haladu, Ya haskaka kabarinsa, Ya sa Aljanna ce makomarsa. Waɗanda za a kira bana Allah Ya ba su sa'a, waɗanda za a ajiye kuma Allah Ya ba su abin yi bayan la'asar.